Hayaƙin Tudun Gabas

Hamburg, 9 ga Nuwamba

Yaya Ose,

Ina gaishe ki, ina gaida surukarki Iya Inken, da fatan ƙafarta ta yi sauƙi, shanunki kuma sun shiga ɗaki kafin sanyi ya kankama. Mu nan lafiya lau, sai tarin da yara suka kwaso a makaranta suka raba wa kowa. Matata Gesa ta ce in yi miki godiyar cukun da kika aiko. Ta ɓoye rabi sai Kirsimeti, ni kuma na gano inda ta ɓoye.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya aiki ya kai ni Husum, na yi kiciɓis da Bandix mai kai muku wasiƙu a bakin tasha. Shi ya gaya mini Baba ya faɗo daga tsani a watan jiya, ya kwana biyu yana jan jiki a ƙasa, kuma tun ranar bai sake hawa ɗakin saman rufi ba. Kin sani? In kin sani, ba ki faɗa mini ba. In ba ki sani ba, to ga amfanin leƙen hayaƙin naki nan.

Mutum mai shekara saba'in da takwas, shi kaɗai a kan tudu, ga lokacin da teku ke hawa ƙasa ya zo. Ranar da ruwa ya shigo ɗaki, wanda ba ya iya hawa tsani ina zai nufa?

Na samo masa gado a wani gidan tsofaffi a Husum. Akwai ɗumi, akwai nas, akwai miya sau biyu a rana. Za su riƙe masa gadon zuwa ƙarshen Janairu. Takardar da ke cikin wannan ambulan tana bukatar hannun 'ya'yansa biyu da hatimin fasto. Na sa nawa. Ki sa naki ki ba Bandix.

Kada ki ɗauka tausayinsa ne ya kama ni. Ba na jin komai game da mutumin nan. So nake a kai shi inda wasu za su riƙa kallonsa, ni da ke mu huta.

Ƙanenki,
Ingwer

Tudun Tsakiya, 21 ga Nuwamba

Ingwer ƙanena,

Wasiƙarka ta iso ranar Talata a jiƙe, don Bandix ya zame a laka. Muna lafiya. Ƙafar Iya Inken tana nan yadda take, idonta ma haka, bakinta kuwa ya fi na kowa lafiya. Shanu shida sun shiga ɗaki, jar saniyar tana da ciki, sai Janairu za ta haihu. Ka ba yaran nan madara mai zafi da zuma, ka kuma bar wa Gesa cukunta, ɓarawo.

Na san ya faɗo. Tsibirin da tudu huɗu ne kacal da gida tara, me zai faru a ce ban ji ba? Ban faɗa maka ba ne don ba ka taɓa tambaya ba.

Kuma kada ka ƙara yi mini ba'a da hayaƙi. Shekara ashirin a birni sun sa ka manta yadda muke zaune. Kowane gida yana duba na kusa da shi da safe. In hayaƙi ya tashi, mutanen gidan sun kwana lafiya. In gari ya waye sarai babu hayaƙi, maƙwabci mafi kusa ya sa takalmi ya je, ko suna ga maciji da juna. Ban zaɓi in zama maƙwabciyar tsohonka ba, aure ne ya ajiye ni a nan. Da mijina Tade yana raye, shi ne mai zuwa in ta kama. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa, kuma ko sau ɗaya hayaƙin tudun gabas bai fasa tashi ba. Don haka ban je ba.

Tunda ka taɓo wurin, bari in rubuta maka abin da ba ka gani ba, don kana teku a lokacin, labari kawai ka ji. 'Yata Keike shekararta shida. Ciki ya murɗe ta tun asuba. Jirgi ɗaya ne a tsibirin a wancan lokaci, na Baba, ya riga ya loda tumaki zai kai kasuwa. Kasuwa tana arewa, likita yana kudu, ruwa kuma ba ya jira a je wuri biyu. Na saɓo ta a kafaɗa har bakin jirgin. Ya taɓa goshinta da bayan hannu ya ce, "Ciwon ciki ne, wani abu ta ci. Ki bari sai gobe." Na durƙusa masa a cikin laka, Ingwer. Ya kwance igiya ya tafi. Washegari iska ta tashi, babu mai fita. Sai a rana ta uku muka kai ta, likita ya ce hanjinta ya riga ya fashe.

Ranar jana'iza na dafa akwatinta a gaban kowa, shi ma yana tsaye, na rantse ƙafata ba za ta sake taka tudunsa ba muddin yana numfashi. Shekara goma sha bakwai, bai ce mini yi haƙuri ba, ni kuma ban karya ba.

Takardarka tana ƙarƙashin agogo, ban sa hannu ba. Mutumin da bai taɓa kwana inda ba ya jin ƙarar teku ba, shi za ku kai ɗakin da ake kaɗa masa ƙararrawa ya ci abinci? Wata ɗaya ba zai yi ba. Kada ka tambaye ni ina ruwana, ni ma na tambayi kaina.

Yayarka da ba ta bukatar umarni daga Hamburg,
Ose

Hamburg, 3 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa gare ki da Iya. Tarin yara ya tafi, ya sauka a kaina. Na karanta wasiƙarki sau uku. Abin da kika rubuta game da Keike ya hana ni cin abinci ranar, har Gesa ta ɗauka zazzaɓi ne.

Amma kuma ya ƙara ba ni haushi. Ke da aka yi wa wannan, ke ce mai damuwa da ko zai ji ƙarar teku? Ni kunnena na hagu bai sake jin ta ba tun ina shekara goma sha uku. Kin tuna dalili? Filafilin tuƙi guda ɗaya na bari ruwa ya tafi da shi, Baba ya ɗauki ɗayan ya kwaɗa mini a gefen kai. Yau shekara nawa, in kyaftin ya yi mini magana a kan jirgi sai na juya kaina gaba ɗaya kamar agwagwa. Kullum sai na tuna shi, ba don ina so ba.

Kuma Bandix ya ba ni wani labari da kika manta ba ki sa a wasiƙa ba. Ashe duk bazara ke kike tattake kashin shanunki, ki yanka, ki shanya, ki ware masa kandilon da zai ƙona har sanyi ya wuce. Bandix ya tura masa a baro ya ce coci ce ta bayar. Cocin da ba ta da saniya ko ɗaya. Kina tsammani tsohon bai gane ba? Ƙafa ta rantse, hannu kuma yana masa bauta. Wace irin rantsuwa ce wannan, Yaya?

Ina tambayarki tsakani da Allah, me ya sa? Me ya taɓa yi mana ban da tsawa da duka? Ko Mama da ta haƙura da shi shekara talatin ba ta taɓa jin sannu daga bakinsa ba.

Ki sa hannu. In ruwa ya ci shi a ɗakin nan, ba ni mutanen tsibiri za su kalla ba. Ke ce maƙwabciya, kuma ke ce kika danne takarda a ƙarƙashin agogo. Na san maganar tana da zafi, da gangan na faɗa.

Ingwer

Tudun Tsakiya, 15 ga Disamba

Ingwer,

Muna raye, mu da shanu. Na fara da wannan don na san kun ji labari. Allah ya ba ka lafiyar tarin, duk da wasiƙarka ba ta cancanci addu'a ba.

Teku ta hau ranar Litinin da rana, ta kwana biyu ba ta sauka ba. Tun zuwana gidan nan ban ga irinta ba. Ruwa ya shigo mana har gwiwa, na goya Iya Inken na hau da ita saman rufi, tana ta zagina wai ina murɗe mata ƙugu. Gadojin katakon da ke tsakanin tudu da tudu duk sun tafi. Babu wanda ya mutu a tsibirin.

Safiyar Laraba na tsaya a taga. Gari ya waye, babu hayaƙi a tudun gabas. Ba zan ɓoye maka ba, na riga na zura ƙafa ɗaya a takalmi. Sai ga shi ya tashi. Amma baƙi ne wuluk, ba irin farin nan na kandilo mai kwanciya a kan rufi ba. Na ɗauko madubin hangen nesan Tade na duba. Ka san jirgin Baba da ke kife a gefen gida tun da ya daina fita? Ya fasa masa gefe ɗaya. Katakon jirgin yake ƙonawa, kwaltar jikinsa ce ke wannan baƙin.

Yau kwana uku ke nan. Kuma ka ji yadda yake yi. Ba ya kunnawa sai gari ya yi hasken da zan gani, daidai lokacin da nake leƙawa. Hayaƙin ba ya wuce tsawon tatsar saniya ɗaya, sai ya ɗauke, shi ke nan har gobe. Mutumin da na tara wa kandilon da zai kai shi Afrilu.

Na san abin da yake nufi. Bandix mai bakin ganga ya gaya masa zancen takarda. Shekara goma sha bakwai jirgin nan yana kallon tagata, jirgin da aka hana 'yata shiga. Yanzu yana ƙona mini shi a ido kaɗan-kaɗan, don in san babu jirgin da zai fitar da shi daga tsibirin nan, kuma bai damu da abin da katakon nan yake a wurina ba. Jiya na tsaya a tagar ina kuka don baƙin ciki, madara tana ƙonewa a bayana.

Ka ci nasara. Na sa hannu. Saura hatimi, kuma fasto yana can ƙetare sai Kirsimeti zai zo. Da ya buga zan aiko maka, ku zo ku ɗauki abinku.

Sanyi ya sauko da ƙarfi, ƙanƙara ta fara kama mashigi. Bandix ya ce mai yiwuwa wannan ne jirgi na ƙarshe sai ta saki.

Ose

Hamburg, 19 ga Disamba

Yaya Ose,

Na gode Allah da kuke raye. Mu lafiya. Ki ajiye duk abin da ke hannunki ki karanta wannan a zaune.

Ba tsokanarki yake ba. Ki yi tunani. A ina ake ajiye kandilo? A saman rufi, don kada ruwa ya taɓa shi. Baba bai hau tsani ba tun faɗuwarsa. Na bana da kika aika, Bandix a ƙofa ya sauke masa, kuma kin san ba zai roƙi kowa ya hau masa da shi ba, ko zai mutu. A ƙasa ya jibge shi. In ruwa ya kai miki gwiwa, to nasa tudun ya fi naki ƙasa, ni na sha auna shi da sanda ina yaro. Kandilon nan ya zama laka. Rijiyar ruwan samansa ma gishiri ya shiga.

Wannan jirgin da hannunsa ya sassaƙa shi. A kan filafilinsa ɗaya ya kashe mini kunne. Kina ganin zai sa masa gatari don kawai ya ba ki haushi? Ba shi da abin ƙonawa ne, Yaya. Kuma wutar da ba ta wuce tatsar saniya ba, ba ta dafa komai, ba ta ɗumama kowa. Sauran yinin a cikin sanyi yake zaune.

Ki je. In ba za ki iya ba, ki tura wani daga tudun coci, ki ce ni na roƙa. Ki manta da abin da na rubuta miki kwanaki, bakina ne ya fi hankalina sauri. Ki manta da takarda ma. Ki je yau ɗin da wannan ta same ki.

Na nemi hutu, kyaftin ya ce sai bayan Kirsimeti.

Ingwer

Husum, 30 ga Disamba

Yaya,

Ban san ko kina lafiya ba, ban san ko wasiƙata ta same ki ba. Mai gidan waya ya nuna mini buhun tsibirinku a jingine a lungu, ya ce tun sha shida ga wata ba abin da ya ƙetare. Wato tana ciki. Na roƙe shi ya bar ni in gani da idona, ya ƙi.

Kwanana uku a nan. Ƙanƙarar ta fi ƙarfin jirgi, ba ta kuma kai a taka ta ba. Na bi masu jirage ɗaya bayan ɗaya, duk sun ce in jira. Jiya na hau motar madara zuwa arewa, na ari madubin hangen nesa na hau kan ganuwar teku, na wuni ina hange. Hazo ne kawai, ko tudun ban gani ba, balle hayaƙi.

Na ce miki ba na jin komai game da shi. Ƙarya nake. Shekara ashirin, duk safiya kafin in sha shayi sai na tsaya a allon tashar jiragen ruwa na karanta tsayin ruwan yankinmu, in lissafa ko ya kai ƙofarsa. Gesa ma ba ta sani ba. Na tsani mutumin nan, kuma in na tarar ya daskare a ɗakin nan ban san yadda zan yi da kaina ba.

Gobe dole in koma aiki. Na bar buhu huɗu na gawayi a wurin Bandix.

Ƙanenki,
Ingwer

Tudun Tsakiya, 9 ga Janairu

Ingwer ƙanena,

Yana raye. Ka zauna ka sha ruwa, sannan ka ci gaba.

Ƙanƙara ta saki jiya, Bandix ya iso yau da safe da wasiƙunka biyu da gawayinka. Jirgin zai juya in ruwa ya sake cika, don haka ina rubutu a tsaye. Ni lafiya, Iya lafiya, ka gaida Gesa da yara.

Ban jira wasiƙarka ba, don ban san da ita ba. Ana jibi Kirsimeti ina taga ina ta masifa ni kaɗai, sai Iya Inken ta ce daga kujerarta, "Ke, wai hayaƙin nan da kike zagi kullum, yana daɗewa?" Na ce ko saniya ɗaya ba na gama tatsa. Ta ce, "Da rana fa?" Na ce babu. Sai ta ce, "Ni makauniya na gani, ke mai madubi ba ki gani ba. Wannan ba girki yake ba, 'yar nan. Ke yake kunna wa."

Na ce ai hayaƙi ya tashi, ba wanda zai ce wajibina ne in je. Ta ce, "Haka ne, ba wanda zai ce." Ta ci gaba da saƙarta.

Na fi awa ɗaya ina share ɗakin da na riga na share. Daga nan na loda kandilo da tulun madara da burodi a kan abin jan kaya, na ɗora tsani a sama. Takardarka na sa a aljihu, da niyyar in na tarar lafiyarsa ƙalau in manna masa ita a fuska. Da tsanin na ƙetare ramukan ruwa uku, ina rarrafe, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashina. A gindin tudun na tsaya. Ban san tsawon lokacin ba. Na ce, "Keike, ki yafe wa uwarki," na hau.

Yadda ka faɗa haka na tarar. Kandilon yana ƙasa, ya zama laka ya daskare. Cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Yana kwance a gadonsa na cikin bango da duk tufafin da ya mallaka, har da mayafin Mama. A gefen murhu ya jera katakon jirgin tsibi-tsibi, kowane tsibi na safiya ɗaya. Saura huɗu. Ƙanƙara yake tsotsa, da ɗanyen dankali.

Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Hayaƙi ya tashi. Me ya kawo ki?"

Na ce, "Hayaƙin ƙarya."

Ya ce, "Ina ƙarya? Ga ni da rai."

Na ce, "Me ya hana ka bar shi ya mutu kwana ɗaya, in zo?"

Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Ina tsaye kika rantse. Abin da ya rage miki nata ke nan. Ban ga dalilin da za ki karya shi a kaina ba."

Ingwer, da na sami abin jifa a kusa da na jefe shi. Shekara goma sha bakwai ina jiran kalma ɗaya, abin da ya iya ba ni ke nan, ya kashe kansa da sanyi don kada in taka ƙofarsa. Na durƙusa a gaban murhu ina kuka, shi kuma yana ce mini ba haka ake jera kandilo ba. Komai na ɗakin a jiƙe yake, ashana ta ƙi kama komai. Busasshen abu ɗaya ne a gidan, takardarka. Da ita na kunna wutar, da sa hannunka da nawa a jiki. Ka ba mutanen Husum haƙuri.

Washegari mutanen tudun coci suka taya ni muka jawo shi gidana. Yana gadon Tade kusa da murhu, shi da Iya Inken suna faɗa tun safe har yamma a kan wanda ya fi wani taurin kai. Kullum da safe har yanzu sai na leƙa taga, in ga tudun gabas babu hayaƙi, gabana ya faɗi, alhali ina jin tarinsa a bayana.

Kada ka rubuto ka ce na yafe masa. Ban yafe ba. In na miƙa masa miya, wani lokaci hannun nan nake kallo, wanda ya taɓa goshinta, sai in fita waje. Ka tambaye ni me ya sa. Ban da amsa mai kyau. Shi ne ya koya mini tatsa da hannun nan, shi ya ɗauke ni a wuya ranar da ruwa ya shigo ina 'yar shekara huɗu, kuma shi ya kwance igiya ya tafi. Na yi ta ƙoƙari in raba su biyu in riƙe ɗaya, sun ƙi rabuwa. Kai ma da allon tasharka ka san haka.

Na karanta masa wasiƙunka biyu na yau. Sai ya ce, "Wane kunne ne ma?" Na ce na hagu. Ya ce in ka zo in zaunar da kai ta inda za ka ji shi.

Yanzu ga abin da ya sa nake sauri. Yatsun ƙafarsa biyu sun yi baƙi, tun shekaranjiya kuma baƙin ya fara hawa, yana wari. Likita yake bukata. Ita kuma jar saniya ta zaɓi yau ta fara naƙuda, haihuwarta ta fari, tana can tana nishi. Na aika a kira matar Bandix ta tsaya mata, abin da Allah ya yi shi ke nan.

Da Baba ya ga ina naɗe masa bargo, ya saurari kukan saniyar, ya ce, "Ke, ba a barin saniya a wannan hali. Ƙafa ce kawai. Ki bari sai gobe."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Na ga ya ji. Iya Inken ta ajiye saƙa. Na ci gaba da naɗe bargon.

Na ce, "Yau za mu tafi, Baba."

Ya miƙo hannu na sa masa riga. Ruwa ya kusa cika, Bandix yana kira. Ka same mu a asibitin Husum, ka taho masa da safa mai kauri.

Yayarka,
Ose